Mai Tsumagiya a Tsakiyar Jimla

Ni mahauci ne, ɗan mahauci, kuma ba na son a yi wa maganar kwalliya. Teburina yana bakin hanya a Kagarawal, daidai inda a da gero yake fin mutum tsawo, yanzu kuwa shaguna ne da masu cajin waya. Abin da ya tono mini wannan zance wani saurayi ne da ya tsaya a gabana kwanakin baya, waya manne a kunne, ya nuna cinyar rago da leɓe ya ce, "Baba, ka yi mini cutting ɗin ta small-small, sauri nake." Na yanka na ƙulle masa. Yaron nan bai yi Hausa ba, bai yi Turanci ba, ya kwaɓa su wuri guda kamar dusar kaji ya watsa mini, ya hau mashin ɗinsa ya tafi lafiya lau. Ba abin da ya same shi. Mu a zamaninmu Turanci wuri ne da ake shiga da sanɗa, kamar yadda ake sauka cikin kwarin bayan gari in ruwa ya ɗauke, ba ka san ta ina gaɓa za ta rufto maka ba.

Gomben da na tashi a ciki ba ta da wannan hayaniya, don haka kowane sauti yana da mai shi. Da asuba za ka ji ƙarar dutsen da Baba yake wasa wuƙaƙensa, shuu, shuu, ba gaggawa, sai ka san kwanciya ta ƙare. Can nesa jirgin ƙasa ya yi kuka, awaki su amsa. In lokacin auduga ne manyan motoci su wuce suna nishi, farin gashi yana tashi yana maƙalewa a ƙayar darni. Aikina na farko ruwa ne, don garin nan ya daɗe yana wahalar da mutanensa a kan ruwa. Mukan sauka kwari mu tona yashi da ƙoƙo, mu tsuguna muna jiran ya tsattsafo. In na kawo, sai wankin hanji da tumbi, sai shanya fata, sannan in goge hannu da toka in sa rigar makaranta. Duk yadda na goge, 'yan aji sai sun ce ina ƙarni. Yaran yanzu famfo ko mai kura ke kawo musu ruwa har ƙofa, kuma suna kukan gajiya.

Baba daga ƙasar Kano iyayensa suka zo da sana'ar, kuma bai taɓa ganin amfanin boko ba. Mutum ne marar yawan magana, in ya faɗi abu sau ɗaya ya gama. Kawuna, ƙanin Inna, masinja ne a wani ofis, shi ya yi ta sintiri har Baba ya gaji ya ce a kai ni. Amma ranar da za a kai ni ya kira ni gaban teburinsa, yana fiɗa bai ko ɗago ba, ya ce, "Ka ji da kyau. Ni ba na barin nama ga ƙuda. Ranar da makarantar nan ta sa na bar teburin nan na taka ƙofarta, ko kai ke da laifi ko ba kai ba, ranar ka gama." Da wannan magana na yi ta tafiya shekara da shekaru kamar mai ɗauke da ƙwai a aljihu. An zage ni na haɗiye, an ƙwace mini alƙalami na haɗiye, har na kai ajin ƙarshe, ajin da daga shi sai jarrabawar shiga sakandare. Na ga 'yan sakandare in sun dawo hutu, da farin takalmi da akwatin ƙarfe, kuma na riga na ga kaina a cikinsu. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar wannan ba, har matar da na aura daga baya.

A wannan ajin muka faɗa hannun malamin Turanci. Ba zan faɗi sunansa ba, mu dai Malam Alli muke ce masa a ɓoye, don kullum garin alli yana kan girarsa da gaban rigarsa. Dogo ne, siriri, ba ya tsawa, kuma ban taɓa ganin haƙoransa ba. Kowace shekara yaransa suna cin jarrabawa fiye da na kowa, shi ya sa iyaye ba sa tambayar yadda yake yi. Allonsa na siminti ne a jikin bango, mu muke baƙanta shi da cikin tsohon batir da ganye. Zai rubuta jimla mai tsawo daga wannan gefe zuwa wancan, ya ja da baya ya tsaya yana kallonta kamar mai tayin bijimi a kasuwar shanu, sannan ya soma yankawa. Ya ja layi ya ware wanda ya yi aikin, ya ce wannan shi ne sabjek. Ya ja wani ya ware aikin kansa, ya ce bab ke nan. Ya ware wanda aikin ya faɗa wa, ya ce objek. Sauran ƙananan kalmomin ya rataye kowace a ƙarƙashin wadda take yi wa hidima. 'Yan aji suna zufa, ni kuwa sai na ga abin da na sani ne. Baba yakan ce mini, "Kada ka sari ƙashi, lalubi gaɓa, wuƙa za ta wuce da kanta." Ashe jimla ma gaɓoɓi gare ta. In ka sa hannu daidai sai ta rabu ba gardama, kowane yanki da sunansa. Na so abin nan, wallahi na so shi. Ina tafe ina yanka rubutun jikin motoci, ina yanka na gwangwanin madara. Har yau in na ga allon talla sai na raba shi kafin in wuce, kuma rabinsu ba su da bab ma, an dai jera kalmomi an karɓi kuɗi.

Da a allo abin ya tsaya da yanzu wani labarin nake bayarwa. Amma Malam yana da wata hanya tasa, wadda ban ji wani malami ya yi ba kafinsa ko bayansa. Yakan ce abin da ya shiga ta kunne kaɗai ba ya kwana. Don haka kowace ranar Alhamis sai a tashi jimla tsaye. Zai rubuta kowace kalma a kan kwali, a huda a sa zare, ya fito da yara gaban aji ya rataya musu a wuya, su jeru kamar sahu. Mai siffantawa ya kama gefen rigar wanda yake siffantawa. Wani ɗan mitsitsin yaro shi ne ɗigon ƙarshe, yana tsaye a can ƙarshen layi, kuma doka ce ba wanda zai motsa ko ya zauna sai ya tsuguna, shi kuma ba zai tsuguna ba sai an aikata abin da jimlar ta ce. Sabjek kullum 'ya'yan manyan gari ne, 'ya'yan ma'aikata da masu filaye, aikinsu kawai su miƙa hannu su nuna. Wanda ya zo na ɗaya a gwajin makon shi ne bab. Wanda ya zo na ƙarshe shi ne objek. Jimlolin Malam kuwa ba na shan shayi ba ne. Manomi ya doki jaki, ɗan sanda ya kama ɓarawo, direba ya ture akuya. Akwai tsumagiyar tsamiya da take rataye bayan ƙofa, ita ake ba bab. Malam zai tambayi aji wa ya yi, me ya yi, wa aka yi wa, kowace kalma ina ta rataya. In an amsa daidai a yi bugu ɗaya, ɗigo ya tsuguna, a zauna. In wani ya kuskure, a yi bugun, a sake daga farko.

To ni nake zuwa na ɗaya, kusan kowane mako. Wanda yake zuwa na ƙarshe kuwa Buba ne, abokina. Buba ɗan wata bafulatana ne mai sayar da nono a wajen unguwar Malam Inna, mahaifinsa ya rasu, uwar tasa da yake kira Dada kawai yake da ita. Ba daƙiƙi ba ne. Ciwo ne yake kwantar da shi, irin wanda ke cin ƙashi in damina ta sauka, a lokacin ba mu san sunansa ba, yanzu kowa ya san sikila. Ya yi mako a kwance ya yi mako a aji, ta ina zai kamo? Hausarsa ma da ƙyar take tsayawa, yana ce wa Dada "ya tafi kasuwa", balle Turanci. Shi ne kaɗai bai taɓa cewa ina ƙarni ba, don shi ma ana ce masa yana warin nono. Ranar da aka fara miƙa mini tsumagiya na ga bayansa a gabana, ƙasusuwan kafaɗa kamar za su huda riga, na buge shi don ban san yadda zan yi ba, na koma gida na kasa cin tuwo. Da yamma muka sauka kwari muka yi shawara. Ya riƙa sa wata babbar riga ta marigayi babansa da aka rage, mai iska a ciki. Ni kuwa na san yadda ake janye hannu a ƙarshe, don wanda ya iya fiɗa ba tare da ya huda fata ba ya san inda wuƙa za ta tsaya. Sai in kawo tsumagiya da ƙarfi, in karya wuyan hannu, bakinta ya faɗa wa riga ya yi fau, Buba ya gantsare ya yi ihu. Muka yi ta gwadawa a cikin yashi har muka ƙware.

"Kai, ihun nan ya yi yawa," na ce masa. "Rago ma ba ya haka."

"Rago ba a buge shi kowace Alhamis ba," in ji Buba. "Ka bar ni in yi aikina, kai ka yi naka."

Haka muka ci watanni. Ina raɗa wa na kusa da ni amsa don jimla ta ƙare da wuri, ina buga riga, Buba yana ihu. Malam ya soma tsayawa a kan bencina ya ce, "Sunanka ne farko a waɗanda zan tura jarrabawa." Duk da haka ban taɓa shiga Alhamis da natsuwa ba. Wani lokaci bayan bugu sai in ga ya tsura wa wuyan hannuna ido, sannan ya goge allo. Yaran yanzu in malami ya harare su uwa ta zo da mota ta yi masifa. Ba na cewa namu ya fi. Ina dai cewa mu mun san nauyin kowace kalma, don mun ga inda take sauka.

Ranar da abin ya faru jarrabawa ta matso ƙwarai. Tun safe hadari ya haɗo daga gabas, ajin ya yi duhu har da ƙyar ake ganin allo, iska tana kaɗa tagar katako. Buba bai kamata ya zo ba, idonsa ya yi ɗorawa, leɓensa ya bushe, amma Dada ta ji tsoron kada a cire sunansa. Malam ya rataya mana kwalaye. Jimlar ita ce, The angry driver beat the lazy boy in the market. Wato direba mai fushi ya doki malalacin yaro a kasuwa. Aji ya amsa komai daidai. Ɗan wani babban ma'aikaci, shi ne direba, ya miƙa hannu ya nuna. Na ɗaga tsumagiya. Buba kuwa zazzaɓi ya sa ya rufe ido, abin da ba ya yi, sai ya gantsare ya saki ihunsa tun hannuna yana sama.

Aji ya fashe da dariya, sannan dariyar ta mutu da kanta, don Malam bai motsa ba. Ya ajiye alli a hankali. Ya tako ya kama rigar Buba ta baya ya ɗaga har wuya. Duk wanda ya taɓa zama objek a hannun wani yana da layi-layi a baya. Na Buba sumul yake.

"Tun yaushe?" Ni yake tambaya, da Hausa, abin da ba ya yi a aji.

Na dubi tsumagiyar da ke hannuna.

"To. Riƙe masa rigar," ya ce wa yaron da ke gefe. "Kai kuma sake."

"Malam, ba shi da lafiya."

"Ban tambaye ka aikin likita ba. Kai ne bab. Jimla tana jiranka."

Na dubi bayan nan, yana rawa kamar na ɗan akuya da aka fitar daga ruwa. Na sunkuya na ajiye tsumagiya a ƙasa. Ban yi don jarumta ba, hannun ne ya ƙi. Malam ya dube ni ya daɗe, sannan ya kira monita, shugaban ajinmu, ya ce, "Ka san teburin babansa? Je ka ce ina kiransa yanzu."

Na ce, "Malam, ka yi mini kowane irin duka, kada a kira Baba." Ko kallona bai yi ba, ya koma kujerarsa ya zauna. Muka tsaya a jere da kwalaye a wuya, ba mai ikon motsi tunda ɗigo bai tsuguna ba. Ruwa ya soma buga kwano, ɗaya-ɗaya, sannan ya goce. Ɗan yaron nan ɗigo fitsari ya matse shi, ya ji tsoron tambaya, muna gani ya bi ƙafarsa ya taru a ƙasa. Ni kuwa ina ta addu'a Baba ya ƙi zuwa, ya ce wa monita yana da ciniki.

Ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa jiƙe sharkaf, rigar aiki duk jini ruwa yana wanke shi yana ɗiga, wuƙa a ƙugu don ba ya barin ta a tebur. Na ga 'yan bencin gaba sun ja baya. Ya yi sallama, ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, waɗannan na sayarwa ne, na ga an rataya musu shaida?"

Malam ya miƙe ya yi masa bayani tiryan-tiryan, yadda ake raba jimla, yadda ake tsayar da ita, da ha'incin da muka daɗe muna yi. Baba yana saurare, kansa a ƙasa.

"Wa ke riƙe bulalar?" in ji Baba.

"Wanda ya fi kowa ƙoƙari."

"Wa ake bugu?"

"Wanda ya zo ƙarshe."

"To," in ji Baba. Ya matsa wajen Buba, ya sa babban yatsa ya ja fatar idonsa ƙasa, yadda yake yi wa dabba kafin ya saya. "Wannan da tunkiya ce da ban taya ba." Ya juyo gare ni. "Cire kwalin nan."

A nan ne na ga abin da ban taɓa gani ba, Malam ya rikice. Ya ce, "Baban yaro, ba kora na yi ba. Na kira ka ne ka yi masa faɗa a gabana, shi ke nan. Ban taɓa samun yaro mai kansa ba. Jarrabawa ta zo, zai ci, ni na sani. A bar maganar bugun ma, na yafe."

"Ni ban zo da rigima ba, Malam," in ji Baba. "Na ba da shi a koya masa karatu. Ka ba shi bulala a kan marar lafiya, shi kuma ya koyi ƙarya don ya kauce. Bai yi laifi ba da ya ajiye ta, da ya buga da ni zan karya hannun. Amma ba zan bar shi inda sai ya zaɓi ɗaya cikin biyun nan ba. Kuma na gaya masa tun farko. Ga nama can na bari."

Buba ya saki kuka na gaske, wanda ban taɓa ji ba duk ihun da ya sha yi. Ya kama rigar Baba ya ce, "Bappa, don Allah ka bar shi ya buge ni. Wallahi ba zafi. Guda ɗaya ne kawai." Ni ma na sunkuya zan ɗauki tsumagiyar, a lokacin da an ce in fasa bayan nan da na fasa. Baba ya ɗora ƙafarsa a kanta. Ya sa hannu ya tsinke zaren wuyana, ya miƙa wa Malam kwalin da hannu biyu, ya yi masa sallama cikin ladabi, ya tasa ni gaba muka shiga ruwa.

Kawu ya zo ya yi magiya, Inna ta yi kuka, Malam da kansa ya taka har tebur ya tsaya cikin ƙuda yana roƙo. Baba ya yanka masa tsoka mai kyau ya ba shi kyauta, bai canja magana ba. Wanda ya gaji tsumagiya bayana ɗan kirki ne, amma bai san janye hannu ba. Buba bai kai jarrabawa ba, Dada ta kwashe shi ta mayar ruga wajen danginta, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Waɗanda suke miƙa hannu su nuna, yau su ne ke aiko direba ya sayi nama a wajena, su ce in cire kitse. Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa abin nan gaba ɗaya in huta, na rasa. Malam ya ba ni abin da na fi so ya haɗa shi da bulala. Baba ya tsaya mini tsayuwar da ba wanda ya taɓa yi mini, kuma da ita ya yanke ni. Har ya koma ga Allah ban ce masa na yafe ba, shi ma bai tambaya ba.

Washegarin ranar da ya fitar da ni daga aji, tun da sassafe Baba ya tafi da ni kwata, mayankar gari. Ƙasa duk laka da jini, ana babbake kawuna a gefe. An kayar da wani babban rago, ya ce in danne. Daidai lokacin iska ta kawo ƙarar ƙarfen makaranta daga can nesa, guntun ƙarfen layin dogo da ake bugawa a shiga aji. Baba ya ji, na san ya ji, don wuƙarsa ta tsaya.

"Kuka kake?"

"Hayaƙi ne, Baba."

"To juyo wa hayaƙin baya," ya ce. "Riƙe ƙafar nan da kyau, zai shure."